Bushiya Mai Buhu

Ku matso nan. Sadiku, kife wayar nan ko in kife ka tare da ita. Tun da aka idar da isha'i kiɗan gem ɗin nan yake cin kunnena. Ku kuka ce Yaya Hansatu ta ba ku labari, to ga ni. Wanda ya san zai yi mana fitsarin kwance ya tashi tun yanzu.

Kun san Saude mai humra, wadda take kawo wa Umma turaren wuta. To ita abin ya sama, a hanyar Maigatari, da rana tsaka. Eh, da rana. Ku kuna zaton sai dare mutanen ɓoye suke fitowa? Tsakar rana ma tasu ce, lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa.

Saude tana da 'yar fari, Huwaila. Kun san halin mutanenmu da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna nata ne. Ana yaye Huwaila aka miƙa ta ga Inna, mahaifiyar Saude, sai da ta shiga sakandare ta dawo gidan ubanta. Saude "ke" take ce mata, ko "yarinyar nan". Ita kuma ta ce mata Anti. In baƙo ya tambaya, amsar ɗaya ce, ta zauna a bakin Saude kamar amsa sallama: "'Yar Inna ce."

Kada ku ce ba ta son ta. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da yarinyar, a bayan ƙofa Saude ta tsaya tana share hawaye da gefen mayafi, amma ba ta shiga ta dafa goshinta ba, don dangin miji suna ɗakin. Har yabonta aka yi, wai mai alkunya. Ni wallahi abin haushi yake ba ni.

Ran nan sun ci kasuwar Alhamis ta Maigatari, sun kamo hanyar Gumel su biyu da kayansu. Suna tsakiyar daji mota ta yi tari, ta tsaya cak. Fanbel ɗin inji ya tsinke. Direba ya buɗe gaban mota yana ta yi wa kwandasta masifa, fasinjoji suka watsu neman inuwa. Ga rana kamar ta fasa kai. Ga Saude da ciwon haƙori, kuncinta ya kumbura suntum. Ta waiwaya ta ga Huwaila zaune kan kaya, kai a sunkuye, tana ta danne-danne a waya, tana dariya ita kaɗai.

"Ke! Uban me kike wa dariya?"

"Gem ne, Anti. Wani ɗan kwaɗo ne yake tambaya, wai in jirgi zai nutse wa zan..."

"Kwaɗon ya ci gidanku. Mutane suna cikin tashin hankali, ke kina hira da kwaɗo."

Saude ta tashi ta karkaɗe zani. Ta san akwai wani burtali da ya ratsa gonaki ya ɓulla wani ƙauye inda 'yan acaɓa suke tsayawa. Wata tsohuwa cikin fasinjoji ta ce mata, "'Yar nan, ki bari rana ta karya." Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce wa Huwaila ta tsare kaya, ta faɗa burtalin ita kaɗai tana ƙunƙuni.

Ta yi nisa. Ƙarar motocin titi ta ɗauke. Tsuntsaye ma suka yi tsit. Sai ta tarar hanyar ta rabu biyu, ita kuwa ba ta san ta da rabuwa ba.

A daidai wurin akwai marke. Ƙarƙashinsa, kan wani kututture, wata budurwa tana zaune. Atamfa sabuwa fil, ɗaurin ɗankwali ya zauna ɗas. Ko ɗigon gumi babu a goshinta. Tana riƙe da waya.

Saude ta yi sallama. Bakin budurwar ya motsa. Shiru. Sai da bakin ya rufe sannan muryar ta iso.

"Sannu, Hajiya."

Kun san yadda kiran bidiyo yake yi in sabis ya yi rauni, baki ya riga magana? To haka. Saude ta ce a ranta zafin rana ne da ciwon haƙori suka toshe mata kunne.

"Wace hanya ce take kaiwa wurin 'yan acaɓa?"

Baki ya motsa. Murya ta biyo baya. "Zan nuna miki. Amma ki ɗan taya ni. Na maƙale a gem, yatsana ba ya kamawa."

Ta goga yatsa a fuskar wayar, ta sake gogawa. Ko motsi wayar ba ta yi ba, kamar ba a taɓa ta ba.

"Yau na haɗu da masifa," in ji Saude. "Can gem, nan gem. Kawo, in danna miki in wuce."

A wayar wata 'yar bushiya ce, ɓulɓul da ita, ruwan hoda, idanu dara-dara masu ƙyalli, kumatu kamar a ja. Ta saɓa ɗan buhu a kafaɗa, tana rausaya kai da wani ɗan kiɗa mai daɗi. Ƙasanta akwatuna biyu. Ɗaya an rubuta "Nawa ne". Ɗaya "Ba nawa ba ne".

"Ba wuya," in ji budurwar. "Za ta nuna miki abu. In naki ne ki ce naki ne, ki ci gaba da ɗaukar kayanki. In ba naki ba ne, ta sa a buhu."

Wani ɗan kofin kunu ya fito, da idanu da 'yan hannaye, yana tsalle. Saude ta danna "Ba nawa ba ne". Bushiya ta buɗe buhu. Kofin ya ɗaga hannu yana ban kwana, hawaye ɗaya ya gangaro masa, ya faɗa ciki. Rubutu ya fito da furanni kewaye: "Ya rasu yana da zafinsa." Kiɗa ya yi ƙilin-ƙilin.

Dariya ta kusa ƙwace wa Saude, ta maze.

Sai ga ɗan haƙori ya fito, ya ɗaure kai da ƙyalle, yana ɗingishi.

"Wannan fa?" in ji budurwar. "A bakinki yake kwana. Amma ke kika gayyato shi? Abin da ya zo gidanka ba ka kira shi ba, naka ne?"

"Ba nawa ba ne, ya tafi can ya ƙarata," in ji Saude, ta danna.

Haƙorin ya yi ban kwana ya shige buhu. A take ciwon ya ɗauke. Ɗif. Saude ta shafa kunci, kumburi ya sace. Ta kai harshe wurin, ta ji gurbi. Haƙorin babu shi, ko jini babu.

To ku faɗa min, mai hankali ba nan zai jefar da waya ya ari ta kare ba? Amma ina! Daɗin rabuwa da ciwo ya rufe mata ido. Har gyara tsayuwa ta yi.

Na gaba ɗan kabari ne ya fito, an ɗaura masa kintinkiri, yana murmushi yana yafito ta.

"Subhanallahi! Wannan wane irin iskanci ne?"

"Tambaya ce kawai. In kin ce naki ne, bushiya ta raka ki yanzu. In kin ce ba naki ba ne, to ran da kika mutu a ina za a sa ki?"

"Ba zan danna ba."

"Ana tsallakewa. Amma sau ɗaya ne, ba a ƙarawa."

Saude ta ja hoton gefe da sauri. Kabarin ya turo baki, ya tafi yana waiwaye. Ta miƙa wayar za ta mayar, budurwar ba ta karɓa ba.

"Saura ɗaya, Hajiya."

Wata 'yar yarinya ta fito. Kai ƙato, jiki ɗan mitsitsi, hijabi shuɗi. Tana zaune kan ƙullin kaya, tana riƙe da 'yar waya. Ga tabon ƙuna a bayan hannunta na dama, inda garwashin turare ya taɓa faɗo wa Huwaila.

Budurwar ta leƙo, ta yi murmushi irin na mata in sun haɗu a gidan suna. "Kai, masha Allah. Kamarku ɗaya. 'Yarki ce?"

Kun ga, ba bushiya ce ta tambaya ba. Baƙuwa ce ta tambaya, ido cikin ido. Kuma bakin Saude ya saba. Kafin zuciyarta ta farga, baki ya riga ya yi aikinsa.

"A'a. 'Yar Inna ce."

Yatsa ya bi baki.

Bushiya ta buɗe buhu. 'Yar yarinyar ba ta yi ban kwana ba. Ɗagowa ta yi ta kalli Saude, sannan ta shiga. Bushiya ta ɗaure bakin buhu da zare, ta yi tafi da 'yan hannayenta. Rubutu ya fito: "Ba ta da mai ita. Yanzu ta samu."

Saude ta saki wayar. Ba ta tambayi hanya ba. Baya ta juya da gudu, takalmi ɗaya ya fita ba ta tsaya ba.

Motar tana nan. Kayanta suna nan. Babu kowa a kai.

"Ina yarinyar da na bari a nan?"

Direba ya ɗago da baƙin mai a hannu. "Wace yarinya?"

"Wadda muka hau tare! Mai shuɗin hijabi!"

"Hajiya, ke kaɗai kika hau. Ni na ɗora miki kayan nan."

Ta cakumi kwalarsa. Aka taru ana ɓamɓare ta. Tsohuwar nan ta rantse tun daga tasha ita ce a gefen Saude, ba wata yarinya tsakaninsu. Saude ta zaro wayarta, ta kira Inna.

"Inna, yarinyar nan... 'yar wajenki..."

"Wace 'yar wajena?"

"Jikarki, Inna! Wadda kika yaye!"

Inna ta ce a hankali, "Saude, lafiyarki kuwa? Yaushe kika haifi mace? 'Ya'yanki ai duk maza ne."

Ba kuka Saude ta yi ba. Wani irin fushi ne ya taso mata tun daga tafin ƙafa, har idonta ya kaɗa ya yi ja. Ta cire ɗaya takalmin ta yar. Ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ta koma burtalin. Direba da wasu fasinjoji suka bi bayanta daga nesa-nesa, suna cewa matar nan ta taɓu.

Budurwar tana nan kan kututture, ta miƙe ƙafafu. Sai yanzu Saude ta lura da su. Manyan yatsun biyu gefe guda suke kallo. Duka ƙafafun na hagu ne.

Saude ta fara Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Budurwar ta sunkuyar da kai ta saurara har aka kai ƙarshe.

"Karatunki ya yi kyau. Ɓarawo yake kora. Ni ban saci komai ba, ba ni aka yi."

"Ƙarya kike, la'ananniya! Wa ya ba ki?"

"Na tambaye ki. Kin amsa."

"Kunya ce! Alkunya ce! Kowa a ƙasar nan ya san in mace ta ce 'yar Inna ce, tata ce! Jaririn goye ma ya san wannan!"

"Mu ba mu sani ba. Mu abin da aka faɗa muke ji." Muryar ta iso a makare, a sanyaye. "Kuma ita kin tabbata ta sani? Kin taɓa gaya mata?"

"Ni na ɗauki cikinta! Ni na kusa mutuwa a kanta!"

"Haƙorin ma ke kika ɗauke shi. Ban ga kin dawo nemansa ba."

Saude ta kai mata mari da dukkan ƙarfinta. Hannun ya wuce ta cikin fuskar ya daki marke. Fatar yatsunta ta sale. Ta sake kaiwa. Ta tsine wa budurwar, ta tsine wa bushiya, ta tsine wa wanda ya ƙirƙiro gem. Ta haɗa har da matan da suka riƙa yabonta suna cewa mai alkunya. Su direba suna tsaye daga can, ba abin da suke gani sai mace tana dukan itace tana zagin kututture.

Budurwar ta jira har numfashin Saude ya sarƙe, sannan ta ɗago wayar.

"Kin fi sauran zafi. To ga matakin ƙarshe. Ba kowa yake kawowa nan ba."

Bushiya tana zaune kan buhun, tana lilo da ƙafa. Buhun yana motsi. Ƙasanta akwatuna biyu, budurwar ta shiga yi wa Saude bayaninsu.

"Akwatin farko: ta dawo ba ta san komai ba. Ba ta ji abin da kika ce ba, ba ta tuna buhu ba. Amma maganarki ta tabbata. 'Yar Inna ce da gaske, ke 'yar'uwarta ce kawai, a wurinta da wurin kowa, har ku koma ga Allah. Za ta so ki. Ba za ta taɓa riƙe ki a zuciya ba."

"Na biyun fa?"

"Ta dawo taki. Amma da kunnenta. Ta ji amsar da kika ba ni, kuma ba za ta manta ba. Shi wannan ba a danna shi da yatsa. Suna ake kira, yadda za ta jiyo daga ciki." Budurwar ta karkata kai. "Ki ɗauki na farko, Hajiya. Kusan kowa shi yake ɗauka. Ai da ma haka kuke zaune. Me zai canza?"

Wannan maganar ce ta fi ƙona Saude, don ta san gaskiya ce. Ba abin da zai canza. Za a ci gaba da ce mata Anti, ta ci gaba da tsayawa a bayan ƙofa. Bambancin kawai, yanzu ƙofar ba tata ba ce. Ran da za a kai yarinyar ɗakin miji, wata za a ce wa uwar amarya. Ran da Saude ta kwanta dama, yarinyar za ta yi kukan rashin yaya, ba na rashin uwa ba.

Ta waiwaya. Ga direba, ga kwandasta, ga tsohuwa, ga wasu maza biyu da ba ta ma san su ba. Duk sun zuba mata ido.

Ta buɗe baki. Sunan ya ƙi fita. Ku kuna ganin wasa ne? Tun ranar da liman ya raɗa shi bai taɓa bi ta harshenta ba. Ta ji muryar kakarta a ka tana cewa tir. Gumi ya wanke ta.

"Hu..."

Bushiya ta sa hannu a kunne, wai ba ta ji ba. Ta yi hamma.

Hammar nan ce ta ƙarasa tunzura ta.

"HUWAILA! Huwaila 'yata! Ni na haife ki, ba Inna ba! Fito daga buhun nan!"

Tsuntsayen da ke kan marken suka tashi fuu gaba ɗaya. Zaren buhu ya tsinke. Fuskar wayar ta yi baƙi. Saude ta ƙifta ido, kututture ba kowa, hanya kuma guda ɗaya ce miƙaƙƙiya, ba ta rabu ko'ina ba. Sai da wurin ya yi tsit sannan muryar ta iso, ba mai ita.

"Mts. Wani zai biyo."

Direba ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, in 'yarki kike nema, ai tana can kan kaya inda kika bar ta."

Tana can kuwa. Hijabinta duk ƙura da zaren buhu, idanunta a bushe. Wayarta tana ƙasa, ba ta ɗauka ba. Saude ta iso ba takalmi, hannu yana jini, ta durƙusa a gabanta cikin jama'a.

"Huwaila."

Yarinyar ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta.

"Na ji ki," ta ce. "Duka biyun na ji."

"Huwaila, ki saurare ni, al'ada ce, ba wai..."

"Ashe kin iya faɗa." Muryarta ba ta ko rawa. "Sai da aka sa ni a buhu?"

Har aka gyara mota, har suka shigo Gumel, fuskar yarinyar tana taga.

Yau in kun bi ta layinsu da safe za ku ji Saude tana ƙwala kira, Huwaila kaza, Huwaila kaza, har bakin titi ake jiyowa. Tsofaffin unguwa suna zunɗenta, wai ta zubar da kunya. Ta ce su zunɗa har bakinsu ya karkace. Kowa ya tambaya, tun bai rufe baki ba take cewa, "'Yata ce, ta fari." Yarinyar tana mata wanki, tana mata dakan turare, ba ta taɓa ɗaga mata murya ba. Amma duk kiran da Saude za ta yi, amsar ɗaya ce, a ladabce.

"Na'am, Anti."

Saude tana jira. Ban san ranar ba, ita ma ba ta sani ba.

Don haka ku ji ni da kyau, ban son musu. Burtalin nan na hanyar Maigatari, kada wanda ya kuskura ya bi shi shi kaɗai, ko da rana ta take. In mota ta lalace ku zauna cikin mutane ku sha zafinku. In wani ya miƙo muku waya ya ce yatsansa ba ya kamawa, ku dubi ƙafarsa kafin ku dubi wayar. In kuwa aka nuna muku mutum aka ce naku ne, ko wa ya tambaya, ko a gaban wa, ku buɗe baki ku ce naku ne.